Wanda Zai Kai Shi Gida

Likitar ido ba ta yi kwana-kwana ba. Ta kashe fitilar da take haska masa, ta tura kujerarta baya, ta ce tantanin da ke bayan idonsa na hagu ya fara ɓallewa, irin yadda fenti ke ɗagowa in ruwa ya shiga bayansa. Baƙin labulen da yake gani a gefe ba gajiya ba ce, kuma ba zai janye da kansa ba. Zai yi ta matsowa har ya kai tsakiya, in ya kai tsakiya kuwa sai dai haƙuri. Aiki za a yi masa, cikin makon nan. Za a sa masa kumfar iska a cikin idon ta tokare tantanin, sannan ya je gida ya kwanta ruf da ciki na kwanaki, fuska a ƙasa, ba ɗagowa sai da dalili.

Ta tambaye shi sana'arsa. Ya ce injin ɗaga kaya yake tuƙawa a wurin gini. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce daga yau ya daina hawa. Ya ce to.

Yana bakin ƙofa ta ƙara da abin da a wurinta ba komai ba ne.

"Ka zo da wanda zai kai ka gida, ya kuma zauna da kai. Ba ma taɓa idon mutum sai mun ga mai jinyarsa."

Nan ma ya ce to. Sai da ya fito bakin titi, motoci na fitowa daga cikin baƙin labulen ɗaya bayan ɗaya, sannan maganar ta sauka masa a ciki.

A wurin gini Na-Sama ake ce masa. Ba shi ya zaɓi sunan ba. Injin dogo ne, leburori na kiransa raƙumin dawa, ɗakin tuƙinsa kuma yana can ƙoli, akwatin gilashi da bai fi makewayi faɗi ba. Tsani ake bi a hau, hawa mai cin gwiwa, don haka wanda ya hau da safe ba ya saukowa sai an tashi. Yakan riga kowa zuwa, ya hau da kular abincinsa da gorar ruwa da wata gorar wofi ta uzuri. In ya sauko da yamma sai ya tarar fili ya watse, saura maigadi da karensa.

Daga can sama mutane huluna ne kawai. Ya san su duka ta hular kwano. Ta mai walda ta ƙone ta gefe guda. Ta helma, shugaban leburori, fara ce, kullum a wanke. Akwai wani birkila da ya zana idanu biyu a saman tasa, wai don ya riƙa sa wa Na-Sama ido. Da zai haɗu da ɗayansu a kasuwa ba hula, wucewa zai yi.

Murya ɗaya ce take hawo masa, ta cikin oba-oba: ta Baba Usur, dattijon da ke ɗaure kaya a ƙugiya ya kuma nuna masa inda zai kai su. Ɗaga. Tsaya. Hagu kaɗan. Sauke a hankali, ɗana, ba buhun auduga ba ne. Tun da aka kafa harsashin ginin suke magana daga safe har yamma, amma hannunsu bai taɓa haɗuwa ba. Tsakanin kaya da kaya Baba Usur yakan jefo wasa, ya tambaya ko an yi ruwa a garinsu na sama, ko shirwa ta biyo ta gaishe shi. Na-Sama yakan yi murmushi shi kaɗai, ya taka fedar magana da ƙafa, don hannuwansa biyu na kan sandunan tuƙi, ya ce, "Na ji." Amsar wasan takan zo masa daga baya, a cikin motar haya, bayan ta huce. A ƙasa kuwa an daɗe da yanke masa hukunci: yaron ya yi makaranta, yana da takarda, ba ya son ƙurar talaka.

Ɗakinsa yana saman wani gidan haya mai dogon baranda da ƙofofi iri ɗaya. Katifa, risho, kujerar roba guda. Ranar da ya tare ya sayi kofi biyu. Na biyun har yau da takardar kanti a gindinsa. Ranar hutu takan wuce bai buɗe baki ba, har in ya sauka sayen biredi muryarsa ta fito a shaƙe, sai ya gyara ta kafin mai kanti ya gane.

Da ya dawo daga asibiti ya zauna bakin katifa ya bi sunayen da ke wayarsa. Mai gyaran fanka. Ofishin kamfani. Mai gidan haya. 'Yan ajinsu na makarantar koyon sana'a, waɗanda suka watsu cikin duniya. Ya kira ɗaya da aka ce yana garin. Sai da ya faɗi sunansa sau biyu aka gane shi. Abokin ya yi ta murna, ya ce lallai sai sun zauna, a bari dai hidimomi su lafa, nan da wata mai zuwa. Ya tambaya ko lafiya. Na-Sama ya ce dama gaisuwa ce.

Ya kira Inna. Tafiyar yini ce tsakaninsu, kuma tun da ɓarin jikin Baba ya shanye ba ta kwana ko'ina ba sai gefen gadonsa. Ita ke juya shi, ita ke ba shi a baki. Yayarsa kuwa tsohon ciki gare ta, ko tsakar gida da ƙyar take ƙetarewa. Inna ta tambaye shi ko yana cin abinci, ta tambayi abokan aikinsa, ya ce duk suna gaishe ta.

"Muryarka ba daidai take ba, auta."

"Mura ce, Inna."

A bayanta ya ji Baba yana kiranta da harshensa mai nauyi, kira ɗaya da yake maimaitawa har sai an zo. In ya faɗa mata, ko dai ta bar tsohon ta taho, ko ta zauna zuciyarta ta cinye ta. Ya ce ta je, Baba na kira.

Da yamma ya tsaya a ƙofar maƙwabcinsa. Ya san mutumin ta bango: ya san tarinsa, ya san tashar da yake kamawa, ya san ranar da suke faɗa da matarsa da ranar da suke shiryawa. Ya ƙwanƙwasa. Matar ce ta buɗe iya tsawon sarƙa, ta ce maigidan ba ya nan. Ya fara bayani, bakinsa na harɗewa. Ta katse shi, ta tambaya shi ɗin daga ina. Ya nuna ƙofar da ke manne da tasu.

"Ashe da mutum a ɗakin nan," ta ce, ba da wata manufa ba. Ta ce za ta gaya wa maigidan, ta rufe.

Ranar aikin idon ya aika wa ofis cewa zazzaɓi ya kama shi, ya fita ya tare tasi. Direban mai tumbi ne, mai surutu. Suna tsaye a danja Na-Sama ya yi ta maza ya ce zai ɗauke shi hayar yini guda, abin da zai yi kawai shi ne ya shiga asibiti ya ce shi yayansa ne. Direban ya yi dariya har sitiyari na rawa. Ya ce a motar nan ya zama alƙali, ya zama ungozoma, amma yaya bai taɓa zama ba. Ya ce a je.

Nas ɗin da ke karɓar marasa lafiya ta dubi tumbin, ta dubi Na-Sama wanda iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka. Ta tambayi direban sunan ƙanin nasa. Direban ya dubi silin, ya sosa ƙeya, ya ce su dai a gida auta suke ce masa. Na-Sama ya ji abin ya soke shi a inda bai zata ba. Ta tambaya a ina majinyacin zai kwana, wa zai ɗiga masa magani, wa zai riƙe shi in zai kewaya. Direban ya tuna cewa ya bar motarsa a inda ba a ajiyewa. Ya ce yanzun nan. Ba a sake ganinsa ba.

Nas ɗin ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ta ce ba mugunta ce ta sa aka kafa dokar ba. Mutum mai ido ɗaya a rufe, kansa a sunkuye, jiri na ɗibarsa, ba ya hawa bene shi kaɗai, ba ya dafa ruwa shi kaɗai. In ya gaji ya ɗago kai, aikin ya tashi a banza. Ta ce za ta sa shi jibi da safe. Bayan jibi likita ba za ta yi masa alkawarin komai ba.

"Ba ka da kowa ne?"

"Ina da su."

"To ka kawo ɗaya."

Washegari ya hau injin. Ya san an hana shi. Ya san dalilin hanin fiye da likitar. Amma in ya gaya wa ofis gaskiya za su ɗora wani a kujerar kafin azahar, kuma ba zai iya yini a ɗakin nan yana kallon labule na cin bango ba. Labulen ya matso cikin dare. Yanzu in ya dubi hannunsa na hagu a kan sandar tuƙi, sai ya juya kai kafin ya same shi.

Ya gwada rufe idon gaba ɗaya. Sai ƙasa ta baje, nesa da kusa suka zama ɗaya, ƙugiya na lilo bai san ko a kan bulo take ko a kan mutum ba. Ya bar idon a buɗe, ya jingina da muryar Baba Usur kaɗai. Aka ce hagu ya yi hagu, aka ce tsaya ya tsaya. Da hantsi wani damin rodi ya wuce inda ya kamata, ya goga katakan da magina ke takawa, har wata hula ta yi tsalle gefe. Baba Usur ya tambaya me ke damunsa yau, ko wani abu ya sha. Ya taka feda ya ce iska ce. Babu ko ganyen da ke motsi.

Aka busa hutun rana. Huluna suka taru a inuwar kwantena. Ya ɗauko kular abinci, ya ga ba zai iya ci ba, ya dire ta a ƙasa wajen ƙafafunsa. Ya daɗe yana kallon fili ta gilashin da ke ƙarƙashinsa, irin kallon da shi ma ya san bai dace ba. Sai ya janye idonsa, ya nemi hular Baba Usur a cikin taron. Gobe da safe ne aikin idon. Mutum ɗaya ya rage a duniya wanda ya san muryarsa.

Magana shi kaɗai ba sabon abu ba ne a akwatin nan. Ya gyara murya ya gwada.

"Baba, barka da hutawa. Wata 'yar alfarma ce." Ya girgiza kai. "Baba Usur, ni ne, Na-Sama." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, sai ka ce akwai wani a saman. Ya kwaikwayi muryar dattijon ya ba kansa amsa: "Alfarma? Kai da ban san kalar fuskarka ba?"

Daga nan bakin ya ƙwace masa. Ya faɗi tantanin da labulen. Ya faɗi asibitin da ranar da aka ba shi. Ya faɗi direban tasi da silin, da matar maƙwabci da sarƙarta, da Inna da Baba, har da kofin da ba a taɓa sha da shi ba. Ya ce tun farkon mako ba ya ganin gefen hagu, da kunne yake ɗaga kaya. Ya ce yana jin wasan da ake jefo masa, yana so ya rama, amsar ce ba ta zuwa sai ya shiga mota. Ya ce jiya ya kwanta yana tunanin in ya mutu a ɗakin nan, wari ne zai gaya wa maƙwabta da mutum a ciki.

"Ba makantar nake tsoro ba, Baba," ya ce wa gilashi. "In makance a ɗakin nan nake tsoro."

Ya goge fuska da hannun riga, ya dubi ƙasa. Da farko ya ɗauka idon ne ya ƙara lalacewa, don hulunan sun ɓace. A inda suke sai wasu abubuwa masu duhu, zagaye-zagaye, a jere a bakin inuwar. Fuskoki ne. Duk wanda ke filin ya ɗaga kai yana kallon akwatin gilashi. Can gefe wani gajere yana kaɗa hannuwa biyu, usur a bakinsa, ƙarar ba ta isowa.

Jar fitilar oba-oba tana kunne. Ya dubi ƙafafunsa. Kular abinci na zaune daram a kan feda.

Muddin yana riƙe da layin ba mai iya yi masa magana. Haka na'urar take. Oba-oba kuwa akwai a ƙirjin Baba Usur, akwai a ƙugun helma, akwai a rataye jikin kwantena inda ake cin abinci. Ya sa ƙafa ya ture kular. Fitilar ta mutu. Na'urar ta yi shuu na ɗan lokaci, sannan muryar helma ta shigo, a bushe.

"Kulle inji. Sauko."

Bai taɓa jin tsawon tsanin ba sai ranar. Yana sauka yana fatan kada ya ƙare.

A ƙasa an buɗe masa hanya ba wanda ya dube shi kai tsaye. Mutane ne masu gemu da tabo da haƙoran da suka fita, bai san ko ɗaya ba sai ya ɗaga ido ya duba hula. Baba Usur gajere ne, bai kai rabin muryarsa ba, kuma yatsa ɗaya na hannun damansa guntu ne. Ba tausayi a fuskarsa.

"Tun farkon mako," ya ce.

Na-Sama ya sunkuyar da kai.

"Wa yake tsayawa a ƙarƙashin kayan nan? Kai ne? Ina da 'ya'ya mata a gida, ƙaramar ko makaranta ba ta shiga ba. Da ka ce min ido ɗaya gare ka, da na san inda zan tsaya."

Ya tofar da yawu gefe ya juya. Helma ya miƙo hannu, Na-Sama ya sa masa makullin inji. Helma ya ce dole ya kai maganar ofis, za a turo wani, kuma ba zai sake taka tsanin ba sai da takardar likita, in ma ofis ya yarda. Duk sauran abin da aka ji ba wanda ya ɗaga. Birkila mai idanu a hula ya buɗe baki, mai walda ya taka masa ƙafa.

Ya fita ta babbar ƙofa da rana tsaka, lokacin da bai taɓa ganin titin ba. Ya bar kular a sama. A ɗaki ya kwanta da takalmansa, ya rufe idon dama ya auna abin da ya rage a na hagu: rabin fanka, rabin taga. Ya rasa kujerar, ya tsiraita kansa a gaban mutum talatin, kuma har yanzu ba shi da wanda zai kai. Wayarsa ta yi ƙara, Inna ce. Ya bar ta har ta gaji.

Da safe ya tafi asibitin ba tare da wata dabara ba. Tafiya kawai ya yi, don zama ya gagara. Ya yi niyyar ya roƙi nas ɗin, in ta ƙi ya zauna a benci har a kore shi.

Tun daga baranda ya ji ana musu a teburinta. Wani tsoho ne mai sanƙo, cikin riga mai guga, da leda a hannu. Na-Sama ya kusa wuce shi. Muryar ce ta tsayar da shi.

Nas ɗin ta gan shi, ta nuna shi da biro, ta tambayi tsohon ko wannan ne. Tsohon ya waiwayo ya ce shi ne, ga shi nan kamar an jiƙa shi an shanya. Ta ce shekaranjiya ma an kawo mata wani yaya. Ta tambayi sunan majinyacin.

"Na-Sama. Na takarda kuwa ki duba takardarki, 'yata."

Ta tambaya a ina zai kwana. Ya ce a ɗakinsa na saman bene, mai katifa ɗaya da kofi biyu. Ya ce uban yaron na kwance ɓarin jiki a shanye, uwar ba ta sani ba tukuna, amma yau za ta sani. Ya ce dare nasa ne, rana kuma an raba ta tsakanin mutane, helma ya tsara. Nas ɗin ta ajiye biro ta tambaya shi mene ne nasa.

"Ni nake gane masa ƙasa," in ji Baba Usur. "Tun kafin idon ya lalace."

Ta dube su su biyu, ta tura masa takarda ya sa hannu da guntun yatsansa. Suka zauna a benci, da tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu. Na-Sama ya nemi abin faɗa, ya tambaya yadda aka yi ya san asibitin. Baba Usur ya ce ai ba abin da bai faɗa ba, saura kaɗan ya ba su lambar takalminsa. Na-Sama ya fara godiya, tsohon ya ɗaga hannu.

"Ban huce ba. In ka warke za mu yi maganar."

Bayan aikin aka fito da shi ido ɗaya a liƙe da auduga, haɓa a ƙirji, an ce kada ya kuskura ya ɗago. Duniya ta koma tayil da bakin kwata da ƙafafun mutane. A gindin benen gidansu jiri ya ɗebe shi, ya tsaya ya kasa gaba. Sai ya ji hannu a gwiwar hannunsa, da muryar nan a kusa da kunnensa, ba shuu ɗin na'ura.

"Ɗaga ƙafa. Tsaya. Hagu kaɗan. Haka. A hankali, ɗana, ba buhun auduga ba ne."

A ɗakin ya tarar kafintan wurin gini ya riga su, mai gidan haya ya buɗe masa. Ya haɗa wani benci mai rami a wajen kai, ya naɗe bakin ramin da tsumma. Nan Na-Sama ya kwanta, fuska a rami, yana kallon siminti.

Kwanakin ba su yi daɗi ba. Wuyansa ya ƙage, bayansa ya yi tsami, idon na zugi kamar an zuba yashi. Akwai lokacin da ya yi kuka a cikin ramin, hawayen na ɗiga ƙasa, wanda ke gadinsa ya yi kamar bai gani ba ya ƙara ƙarar rediyo. Yanzu ta takalma ya san su. Na mai walda duk ɗigon wuta ne. Na helma a goge. Birkila silifas yake zuwa da su, babban yatsansa ba farce, kuma shi ya fara kiransa Na-Ƙasa, ya ce a hankali dai za a kai ga Na-Tsakiya. Shi ne kuma ya fasa kofi na biyu a ranar farko, ya ce dama bai ga alamar yana da amfani ba.

Baba Usur ya kira Inna da kansa, ya gaya mata komai, sannan ya zura wayar ƙarƙashin benci ya riƙe. Inna ta yi faɗan da bai taɓa ji daga bakinta ba, ta yi kuka, ta sake faɗa. Daga ƙarshe ta ce a ba ta dattijon. Suka daɗe suna magana a baranda, bai ji me suka ce ba.

Wata rana da yamma ya tambayi takalman Baba Usur yadda sabon mai injin yake. Tsohon ya ce hannunsa ba laifi, amma surutu gare shi kamar an kunna famfo, ba ya barin mutum ya yi wasansa. Na-Sama ya ce to ai ya samu abin da yake nema. Takalman suka tsaya cak.

"Lallai," in ji Baba Usur. "Ashe sai an kifa ka amsa take fitowa."

Ranar komawa asibiti likita ta cire audugar ta haska. Abin da ya fara gani wata baƙar ƙwallo ce tana rawa a ƙasan idon, kumfar ke nan, a samanta kuma haske mai hazo. Ta ce tantanin ya kama, tsakiyar ta tsira. Gefen da labulen ya riga ya ci ba lallai ya dawo duka ba. Ya tambaye ta injin. Ta ce wannan tambayar ba ta yau ba ce, kuma ba za ta yi masa ƙarya ba, mai yiwuwa amsar ba za ta yi masa daɗi ba. Ta ce kwanciyar ruf da ciki ta ƙare.

Ya fito baranda. Baba Usur na jingine da bango yana sakace, ya tambaya me aka ce. Na-Sama ya gaya masa duka, har da maganar injin. Tsohon ya ce to, ƙasa ma wuri ce, mutane na rayuwa a cikinta, kuma har yanzu akwai maganar da ba su yi ba, kada ya ɗauka an manta.

Suka nufi ƙofa. Wuyan ya saba, Na-Sama na tafe haɓa a ƙirji yana bin dugadugan tsohon. A bakin titi dugadugan suka tsaya, suka juyo.

"Ɗaga," in ji Baba Usur.

Ya ɗaga.